Wayar Lado Ta Tsaya a Ranar Talata

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Nasarawa Burkullu zuwa Bukkuyum da damina ya san Lado. In bai san fuskarsa ba, to ya san ƙeyarsa, don a wuyansa ya tsallake rafi. Lado shi ne sarkin mashigi, wato wurin da ake taka ruwa a ƙetare, inda ake ta alkawarin gada tun kakanni na da haƙora. Gajere ne, mai faɗi, wuyansa kamar turmi. Masu baki sun ce ya taɓa ɗaukar wani alhaji da ragonsa da rediyonsa a tashi ɗaya, rediyon na ta labarai har suka kai gaci. Mutum uku ke aiki ƙarƙashinsa. In ɗan kabu-kabu ya iso, su huɗu za su ɗaga babur a kafaɗa su ratsa da shi, mai babur na biye yana salati.

Amma ba ƙarfi ne ya ba Lado sarauta ba, magana ce. In ya ce a ƙetare, a ƙetare. In ya ce a'a, ko amarya aka ɗauko sai ta sauka ta zauna gindin tsamiya. Rafin nan munafiki ne. Rana na iya ƙwallewa a nan kamar za ta soya ƙwai, ashe can sama wajen Anka an kwana ana zuba ruwa, bayan 'yan sa'o'i sai ga shi ya taho a tsaye kamar katanga. Mahaifin Lado, wanda ya riƙe mashigin kafin shi, da ido yake gane zuwansa. Launin ruwa yake dubawa, da kumfa, da irin tarkacen da ke yawo a kai, sannan ya tsoma ƙwauri ya ji sanyin. Ya koya wa Lado duka, da mari da ranƙwashi. Gonar gado kuwa tana can cikin dajin da yanzu ko akuya ba ta shiga saboda 'yan bindiga. Saboda haka baki goma sha ɗaya na gidan Lado, har da Inna tsohuwa da ba ta da haƙori amma ta fi kowa loma, duk daga mashigin nan suke ci.

Shekara takwas da suka wuce Lado ya sayi waya mai shafawa. Matarsa Hure na da ƙane, Abdulwahabu, tela ne a wani ƙauye wajen Anka, a bakin wannan rafin daga sama. To ku ji dabara. Can garin su Abdulwahabu sai an hau dutse ake samun sabis, nan kuma sai an hau wani suri da ke bayan tsamiya. Kira ba ya tafiya, kafin ka gama sallama ya yanke. Amma saƙon murya yana da haƙuri, yana jira. Kullum da asuba Abdulwahabu zai hau dutsensa ya yi magana, Lado kuma da hantsi ya hau surinsa, ya kunna waya, ya miƙa hannu sama kamar mai roƙon ruwa, har saƙo ya faɗo.

"Kwaɗon Burkullu, an kwana lahiya? Yau ko ɗigo ba a yi ba nan. Ku ƙetare abinku, ka gai da yayata, ka daina cinye mata tuwo."

Ko kuma ya ce, "Kwaɗo, yau ka zauna gida ka yi kitso. Gulbi na tahe."

Lado bai yi boko ba, amma ya san hoton Abdulwahabu da hularsa mai karkata, ya kuma san ɗan ɗigon da ke nuna saƙon da ba a saurara ba. Shi ke nan iliminsa, kuma ya ishe shi. Shekara takwas ko takalmi bai ɓata a mashigin ba. Duban kumfa da tsoma ƙwauri kuwa, aka ajiye su tare da mari da ranƙwashi.

Wayar nan ta ga gata. Leda biyu ake naɗe ta, a sa cikin wata 'yar jakar fata da baduku ya ɗinka mata ita kaɗai, sannan a ɗaure a saman hula. Ba ta taɓa faɗuwa ba. Ba a kallon fim da ita, ba a jin waƙa. Da ya gama sauraren saƙo sai ya kashe ta don kada caji ya tafi a banza. Hure ta ce da Lado na kula da haƙoransa kamar yadda yake kula da wayar nan, da yanzu yana tauna ƙashi.

Tun farkon bazara wani rubutun Turanci ya fara fitowa duk sanda ya buɗe wurin saƙon. Lado ya riƙa ture shi da babban yatsa kamar ƙuda. Wani malamin firamare da ya ɗauka a wuya ya duba masa daga can sama, ya ce wai cewa suke a sabunta manhajar kafin rana kaza. Suka danna wurin sabuntawa, waya ta yi tunani, ta yi tunani, ta ce ita ba za ta iya ba. Lado ya yi dariya har malamin ya kusa zamewa.

"Mi za a sabunta ga abin da bai tsuhwa ba? Duba ta hwa, malam. Ko ƙwarzane babu."

Ranar wata Talata, tsakiyar damina, ya hau suri, ya kunna, ya ji ƙarar shigowar saƙo har sau uku. Ya danna. Maimakon hular Abdulwahabu sai rubutun nan ya cika fuskar waya, ya ƙi turuwa. Ya tura sama, ya tura ƙasa. Ya kashe ya kunna. Ya tofa mata addu'a. Ya goge ta da bakin riga. Rubutu na nan daram kamar mai gadin ƙofa.

Kwana goma sha biyun da suka biyo baya, Allah kada ya maimaita. Lado bai gaya wa kowa ba sai Hure. Kullum zai hau suri ya miƙa hannu, ya kara matacciyar waya a kunne, yana gyaɗa kai kamar ana ba shi labari, sannan ya sauko ya tsaya bakin ruwa yana zare ido. Ya nemi ilimin mahaifinsa, ya tarar ilimin na nan, zuciyar ce babu. In ya ga kumfa sai ya ce ruwa ne, in bai gani ba sai ya ce ɓoyewa ta yi. Da hadari ya leƙo ko da faɗin tafin hannu ne sai ya rufe mashigi. Ya tare 'yan kasuwa sau biyu, rana na dukan su a gindin tsamiya, rafi na kwance lumui bai ko kai gwiwa ba. Nonon matan Fulani ya yi tsami a ƙwarya. Wata mai tumatir ta zazzage masa kwando a ƙafa, ta ce ya kai wa Inna ta yi miya. Gidansa kuwa tukunya ta fara hutu, don ranar da ba a ƙetare ba, ba a ci ba.

Cikin yaran aikinsa akwai Tasi'u, dogo mai siririn gemu, wanda ya yi firamare kuma yake da sabuwar waya da kullum take leƙowa daga aljihun gaba don kowa ya gaishe ta. Tasi'u ya daɗe yana auna kujerar Lado da ido. Shi ya fara zagawa wurin maigari, wai sarki ya tsufa, ya koma tsoron ruwan alwala. Maigari ya kira Lado ya ce masa a taƙaice, kasuwa mai zuwa in aka sake tare mutane a banza, mashigi zai canja hannu.

Hure ta ce, "Malam, ka ba Tasi'u lambar Abdulwahabu mana. Saƙo shi shigo ta wayarshi, kai ka yanke magana."

"In ba shi lamba? Hure, lambar nan ita ta sarautar. Ran da murya ta hito daga aljihun Tasi'u, ni mi na zama? Jaki mai hula?"

"To jaki mai hula dai yana cin dusa. Mu yau mi munka ci?"

Ya ja hularsa ya fita. Washegari ta kama zabinta biyu ta miƙa masa, ta ce ya tafi Gummi wurin masu gyara, kada ya dawo mata da labari.

A Gummi aka nuna masa rumfar Mukhtar, wani dattijo mai tabarau biyu, ɗaya a ido ɗaya a goshi, gabansa gawarwakin wayoyi sun yi tsibi. Lado ya kwance jaka, ya kwance leda, ya kwance leda, har Mukhtar ya tambaya ko jariri ne. Ya karɓa, ya juya ta, ya danna nan ya danna can, ya yi tsaki mai tsawo.

"Sarkin ruwa, wagga waya ba ta da ciwo. Batir lahiya, gilashi lahiya. Ta hi ni lahiya."

"Alhamdu lillahi. To gyara."

"Ba abin gyara. Masu ita na sunka gaji da ita. Sun sake ma manhajar gini, sunka yi ƙohwar da tsohuwar waya ba ta shiga. Su kuma masu ƙera wayar sun daina aiko mata abin da za ta ƙara girma da shi. Dubi tsibin ga. Rabinsu haka sunka mutu, da ransu."

"Da gangan?"

"In kowa ya riƙe waya shekara takwas kamar kai, su mi za su ci?"

Lado ya miƙe tsaye, wanda bai ƙara masa tsawo sosai ba. "Tsaya, Malam Mukhtar. Ni sayen ta na yi ko haya na ɗauka? Garmar babana na nan, maƙerin ya mutu tun ban yi kaciya ba, ba wanda ya zo ya ce ta daina noma ran Talata!"

Masu rumfunan kusa suka fashe da dariya. Mukhtar ya ciro wata sabuwa a kwali ya faɗi kuɗinta. Lado ya koma ya zauna a hankali. Zabi biyu ko kwalin ba za su saya ba, ga rumbu wayam, sabon gero kuma ko kai bai fitar ba. Sai ga sarkin mashigi guda, mutumin da ke ɗaukar alhazai a wuya, yana riƙe da gefen teburin mai gyara yana cewa a taimake shi don Allah, don Annabi, gobe kasuwa, yana da baki goma sha ɗaya.

Mukhtar ya ji tausayi, kuma tausayin nan ne ya jawo komai. Ya ce akwai wata 'yar dabara. Manhajar kalanda take dubawa ta rufe kanta, to bari a ruɗe ta. Ya tambayi ranar da ta tsaya, ya mai da kwanan watan wayar baya, ya ajiye shi daidai waccan Talatar da sassafe. Ya danna. Sai ga hular Abdulwahabu a karkace.

Lado ya yi kabbara da ta tashi tattabarun kasuwa. Ya fizge waya, ya kashe ta nan take don ajiyar caji, ya hau naɗe leda. Mukhtar na cewa, "Buɗewa dai ta yi hwa, ban ce maka..." amma wani mai babbar riga ya riga ya turo masa tasa wayar a hanci, Lado kuma ya dire zabi ya yi tasha da gudu kada motar ƙarshe ta bar shi.

Ranar kasuwa gari ya waye tas, sama kamar an wanke. Kafin hantsi gindin tsamiya ya cika: mata da ƙore, masu buhuna, 'yan kabu-kabu sun jera. A gaba akwai Atiku da sabon babur ɗinsa, ledar kanti ma ba a cire daga sirdi ba, kwana shida da saye, bayan ya sai da shanun nomansa biyu. Lado ya hau suri da tafiyar ƙasaita. Ya kunna, ya miƙa hannu, ya buɗe. Saƙo uku, kowanne da ɗigonsa na ba a saurara ba. Ƙirjinsa ya buga don murna. Bai san su ne ukun da suka shigo waccan Talatar kafin ƙofa ta rufe ba. Na farko gaisuwa, na biyu tsiya kan tuwo. Na uku ya ce:

"Kwaɗo, yau rana ta kamar rani. Ko ɗigo. Ku ƙetare har da kaji."

Ya sauko bakin ruwa. Nan fa gabansa ya ɗan faɗi. Ruwan ya yi ja-ja kamar an dama kunun kanwa. Ga kumfa 'yar ƙanana na zagaye a gefe. Ga busasshen kara, ga kashin awaki na wucewa jere, irin wanda sai ruwa ya share tudu yake kwasowa. Ya tsoma ƙwauri, sanyin ya hau masa har ƙugu. Duk abin da aka koya masa da mari yana gabansa, yana masa ihu.

Ya sake kara waya a kunne. Muryar Abdulwahabu, garau, har da dariyarsa.

Tasi'u ya matso yana murmushi, ya ɗaga murya don jama'a su ji. "Sarki, yau ma alwala za mu yi mu koma? Ka hwaɗi, ko ni in hwaɗi."

Lado ya miƙa masa wayar, abin da bai taɓa yi wa yaran aikinsa ba. "Kai mai boko, karanta. Saƙon ga na yaushe na?"

Tasi'u ya duba. A saman saƙon an rubuta na yau ne, don ita wayar a ranta har yanzu Talata ce. Ya ɗan ji haushi, ya ce, "Na yau na."

Lado ya kalli ruwa, ya kalli taron, ya hango ɗan aiken maigari tsaye a tudu ya harɗe hannu. Ya naɗe waya, ya ɗaure a hula.

"A ƙetare!"

Mata suka shiga, suka fita lafiya. Masu buhuna suka wuce. Lado ya fara jin iska na shiga ƙirjinsa, har ya tsokani mai tumatir. Sannan aka ɗaga babur ɗin Atiku, Lado a gaba ta hagu, Tasi'u ta dama, biyu a baya, Atiku na biye riƙe da wutsiyar babur kamar za a sace a tsakiyar ruwa.

Suna tsakiya suka ji shi. Kamar babbar mota ta taho ba birki. Lado ya waiga sama, sai ga ruwa ya karyo kwana, ja wur, a tsaye, da itace guda a bakinsa da rufin wata bukka.

"Ku saki! Ku saki babur! Ku yi gaci!"

Ukun suka saki suka yi ta kansu. Atiku ya ƙi. Ya rungume babur yana kiran sunan shanunsa. Lado ya daka masa tsawa, ya ja shi, ya ƙi, sai ya gantsara masa cizo a hannu, ya cafi wuyan rigarsa. Ruwa ya iso. Mutanen gaci suka ga hula ɗaya na nutsewa tana tasowa, mata na kururuwa, har suka ɓace a kwana. Can ƙasa, nisan da mai gudu sai ya huta sau biyu, aka same su maƙale a reshen wata giyayya, Lado ya riƙe reshe da hannu ɗaya, Atiku da ɗayan, duk sun sha ruwan da zai ishe su azumi. Babur kuwa sai bayan sati aka ga hannunsa ɗaya ya leƙo daga yashi. Da aka kwance jakar hula, aka kwance leda, aka kwance leda, wayar ko danshi babu. Ta kunnu tsaf.

Kwana biyu bayan nan Abdulwahabu ya iso a fujajan, don labari ya kai musu cewa Kwaɗo ya mutu. A zauren maigari ya ciro tasa wayar ya nuna: saƙo goma sha uku jere, ba ko ɗaya da ya isa. Ya kunna na ranar kasuwa: "Lado, don girman Allah kada ka bar kowa shi taka ruwa. Tun jiya ake yi, ya ci gonaki." Atiku ya fashe da shessheka, hannunsa a naɗe. Tasi'u ya karɓi wayar Lado ya duba kwanan wata, ya ce ai wagga tana can baya da mako biyu. Lado ya ba da labarin Gummi duka, kansa a ƙasa, bai rage komai ba.

Maigari ya tambaye shi abu ɗaya. "Lado, da ka tsoma ƙahwa, mi ruwa ya ce maka?"

Lado ya ce, "Ya ce kada a shiga, ranka shi daɗe."

Maigari ya ce babur ƙaddara ce, kuma wanda ya ciji Atiku shi ya ceci ransa, don haka ba wata shari'a. Amma mashigi daga yau na Tasi'u ne. Ya umarci Abdulwahabu ya ba da lambarsa, shi kuma ya karanto ta da ƙyar yana kallon ƙasa, Tasi'u na dannawa da ɗan yatsa a miƙe. Tasi'u ya yi wa Lado tayin ya zauna cikin masu ɗauka, ta baya, wajen salansa. Lado ya gwada kwana uku. Ba wanda ya yarda ya hau wuyansa. Tsofaffi mata sun gwammace su jira layi.

Safiyar Asabar ya ɗaura 'yar jaka da digar aro, zai tafi Bagega haƙar zinariya, yana da shekara hamsin da ɗoriya, bai taɓa shiga rami ba. Hure ta rako shi har tsamiya, ta cusa masa ƙullin ƙuli-ƙuli a aljihu. Hanyar kuwa dole sai ta mashigi. Ya tsaya bakin ruwa ya duba: fari tas, ba kumfa, ba kara, ɗumi kamar na wanka. Ko jariri zai ratsa. Ya naɗe wando, ya ɗaga ƙafa.

"Dakata, baba," in ji ɗaya daga cikin tsofaffin yaransa, yana kallon gefe. "Sarki bai sauko ba tukuna."

Tasi'u na can kan suri, hannu a sama, yana jiran saƙo. Lado ya mai da ƙafarsa. Ya koma gindin tsamiya, ya sami wuri tsakanin wata mai nono da wani mai kaji, ya ajiye digarsa, ya zauna.